Saukar da ƙaramin jirgi a Kangimi: yadda aikin samarin mashigi yake

Wanda ya mallaki ƙaramin jirgin faiba ko na roba a Kaduna, ko ya ɗora kwale-kwale a bayan akori-kura yana neman ruwan da zai jefa shi, da wuya a ba shi shawara ba a ambaci Kangimi ba. Dam ne da ke Ƙaramar Hukumar Igabi, an gina shi a shekarun 1970 don ya tare ruwan damina, a riƙa sako shi cikin Kogin Kaduna idan rani ya tsananta, birni ya samu na sha. Daga Kawo ana bin hanyar Zariya, a wuce Rigachikun, a karya a Mararraban Jos, can gaba a bar kwalta a hau burji. Wannan dalili da aka gina dam ɗin dominsa shi ne tushen duk wahalar mai jirgi: ruwan da ake tarawa ana saki ba ya zama wuri ɗaya. Inda ka sauke jirgi a watan Oktoba, idan ka koma a Afrilu sai ka tarar da busasshiyar laka mai tsage-tsage, ruwan ya ja baya can nesa.

A mashigin masunta babu gangaren siminti, babu gadar katako da za a ɗaure jirgi, babu shago. Abin da ke akwai mutane ne. Samari ne 'ya'yan masunta, da dattijo ɗaya ko biyu da ke tsawatar musu, kuma duk suna ƙarƙashin idon Sarkin Ruwa. Su ne ke sauke jirgi daga mota, su gangara da shi, su nuna hanya a cikin ruwa, su tsare mota har ka dawo, su kuma ba da hayar kwale-kwale da matuƙi ga wanda ya zo hannu rabbana. Hukuncina a kan aikinsu shi ne: ga jirgin da bai wuce mita 5 ba, wanda mutum shida za su iya ɗagawa, aikinsu ya cancanci kuɗinsa har da ƙari. Ga babban jirgi mai tirela, aikin yana da haɗarin da ƙarfin damtse ba ya magancewa. A wajen kayan ceton rai kuwa akwai gyara babba.

Kafin a taɓa igiya, a fara da gaisuwa. Ka nemi dattijon mashigin, ka ce masa Baba, ka gaya masa daga ina kake da abin da ya kawo ka. Idan an kai ka gaban Sarkin Ruwa, ranka ya daɗe ne da ɗan goro. Wannan gaisuwar tana da amfani a aikace, don ita ce ke sa a gaya maka inda aka shimfiɗa raga daren jiya da inda ba a son inji ya bi. Haka nan ma'aikatan da ke kula da dam ɗin, a sanar da su, a kuma nisanci bangon dam da mazubar ruwa gaba ɗaya. A daidaita kuɗi tun jirgi yana kan mota, kuma a fayyace cewa cinikin ya haɗa da saukarwa da fitarwa da gadin mota, da adadin mutanen da za su yi aikin. Babu farashi a rubuce, wannan kuma aibi ne na gaske a tsarinsu. Idan ba a faɗi adadi ba, mutum huɗu za su fara ɗaukar jirgi, kafin a kai bakin ruwa sun zama goma sha biyu, kowa ya sa hannu, kowa kuma yana da haƙƙi a ganinsa. A biya rabi da safe, rabi bayan jirgi ya koma kan mota, kuma a damƙa kuɗin a hannun dattijon ya raba.

Inda suka fi burge ni shi ne zaɓen wurin sauka. Baƙo yana ganin gaɓa shimfiɗe sai ya ɗauka ko'ina ɗaya ne. Ba haka ba ne. Akwai inda ƙasan tsakuwa ce da marmara, tana ɗaukar nauyi. Akwai inda saman ya bushe kamar ɓawon burodi amma ƙarƙashinsa taɓo ne har gwiwa. Akwai mashayar shanu, inda kofato ya dama ƙasar ta zama kunu. Za ka ga yaro ɗaya ya naɗe wando ya shiga ruwa da gwangwala a hannu, yana tafiya a hankali yana caka ta gabansa, yana sauraron yadda take shiga. Idan ta tsaya da ƙara, ƙasa mai ƙarfi ce. Idan ta nutse shiru kuma ta ƙi fitowa sai da ja, sai ya girgiza kai ya matsa gefe. Idan ya samu layin da ya gamsu da shi sai ya kafa gwangwalar a inda ruwa ya kai masa cinya, ya juyo ya ce, “Alhaji, a biyo nan, kada a kauce.” A bi maganarsa. Taku uku zuwa hagu na iya zama bambancin jirgi a ruwa da mota a taɓo.

Jirgin da ake ɗauka a hannu ba ya ba su wuya. Kwale-kwalen katako ko jirgin faiba mai mita 4 zuwa 5, suna jera guntayen itacen turare uku ko huɗu a ƙasa, kowanne kaurinsa kamar damtse, su ɗora jirgin a kai su tura, wanda ya fito ta baya a zagayo da shi gaba. Hanya ce mai kyau, kuma tana kare cikin jirgi daga gogar tsakuwa. Abin da za ka sa ido a kai shi ne gaggawa: idan sun gaji sukan bar itatuwan su ja jirgin a ƙasa, marmara kuwa tana kankare fatar faiba har zaren ciki ya bayyana, daga nan ruwa ya fara shiga jikin jirgin yana ƙara masa nauyi. A cire inji, da tankin mai, da kaya duka kafin a tura. Inji mai ƙarfin doki 15 shi kaɗai ya kusa kilo 40, kuma idan yana rataye a baya, ƙafarsa mai ɗauke da farfela ce za ta fara dukan ƙasa.

Abu ɗaya da samarin ba su saba da shi ba, don kwale-kwalensu ba shi da shi, shi ne toshiyar ramin zubar da ruwa da ke gindin jirgin faiba ta baya. Ba za su tuna maka ba. Kai ne za ka murɗa ta da hannunka kafin jirgi ya taɓa ruwa, ka kuma ajiye ta biyu a aljihu. Jirgin da aka manta toshiyarsa ba ya nuna alama nan take. Sai an yi nisa, an rage gudu, sannan a ga ruwa ya rufe idon sawu.

Tirela ce matsalar. Gangaren da injiniyoyi ke ginawa don saukar da jirgi yana sauka kamar mita 1 a cikin kowace mita 7 ko 8, shi ya sa jirgi ke tashi kan ruwa tun tayar mota ba ta jiƙe ba. Gaɓar tafki irin wannan, musamman da rani, kwance take: sai ka yi taku ashirin ruwa bai wuce gwiwa ba. Ma'ana kafin jirgi ya taso daga tirela, dole motar ta shiga ruwa har salansa, a kan ƙasar da ba ta da tabbas. Dabarar da samarin ke yi ita ce daidai: a tsayar da mota a kan tudu mai ƙarfi, a sa duwatsu a tayoyin tirela, a kwance ta daga mota, a haɗa su da igiya mai kauri ta mita 15 zuwa 20, a ja motar gaba har igiya ta miƙe, a cire duwatsun, sannan direba ya riƙa dawowa baya a hankali, tirela tana gangarawa, mutum biyu suna riƙe da hancinta suna saita ta. Sai dai igiyar da suke kawowa sau da yawa tsohuwar igiyar raga ce da rana ta cinye. Ka zo da taka. Kada kowa ya tsaya a bayan tirela ko ya tsallaka igiya tana miƙe, don idan ta tsinke bulala ce mai karya ƙafa.

A bar tirela ta huta kamar minti 15 bayan isowa kafin ta shiga ruwa. Boris ɗin taya yana ɗaukar zafi a kan hanya, idan aka tsoma shi cikin ruwan sanyi haka, iskar ciki ta tsuke ta zuƙo ruwa da laka, giris ya lalace, sai a hanyar komawa ka ji taya tana kuka. A zare wayar fitilun tirela. Idan motar za ta taka yashi, a rage iskar taya daga 32 zuwa wajen 20, amma sai in akwai famfo a but da za a mayar da ita kafin a hau kwalta. Motar da ba ta ja da tayoyi huɗu kada ta bar tudu ko da taku ɗaya, komai yawan masu cewa za su tura.

Da rani kuma manoman fadama suna bin ruwan da ya janye suna shuka, injinan ban-ruwa da mesa a shimfiɗe ko'ina. Samarin sun san gonar kowa, za su nuna maka inda za ka bi. Tayar mota ɗaya a kan mesar mutum ta isa ta ɓata maka yini.

Idan jirgi ya tashi kan ruwa, kada a yi saurin tayar da inji. A tura da gwangwala ko filafili har ruwa ya kai ƙugu, ƙafar inji tana ɗage, sannan a sauke ta. Ramukan da inji ke shan ruwan sanyaya kansa suna can ƙasa kusa da farfela. Idan aka tayar da shi a ruwa marar zurfi laka yake zuƙa, idan kuma aka tayar da shi a tudu don gwaji, robar famfon ruwansa tana ƙonewa cikin ɗan lokaci kaɗan. Wannan gwajin na tudu samarin suna son yinsa don su ji ƙarar inji, a hana su da kyakkyawar magana. A sassauta ɗan murfin iska na tanki, a matsa robar mai har ta yi tauri, a tabbata giya tana sake, a ja cok idan inji da sanyi, a ɗaura igiyar kashe inji, wadda ke kashe shi idan matuƙi ya faɗa ruwa, a wuyan hannu, sannan a ja. Da ya tashi, a dubi bayansa: dole a ga siririn ruwa yana tsartuwa. Idan babu, a kashe nan take a zura siririyar waya a ramin, sau da yawa laka ce ko gidan zanzaro ya toshe shi.

Mai kuwa a saye shi tun daga gari, a gidan mai, kada a dogara da na 'yan bumburutu a hanya, don ruwa kaɗan a cikin fetur ya isa ya kashe inji a tsakiyar tafki. Yawancin ƙananan injinan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai suna son kashi 50 da 1, wato mililita 100 na baƙin mai a kowace lita 5 ta fetur, kuma man da aka rubuta TC-W3 a jikin robarsa, ba na babur ba. A duba littafin injin don tabbatarwa, sabon inji yakan so baƙin mai fiye da haka a sa'o'insa na farko. Injin doki 15 idan an buɗe masa wuta duka yana shan kusan lita 7 a awa, saboda haka tankin lita 24 bai kai yadda ake zato ba. A kasa fetur ɗin uku: kashi ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya ba a taɓa shi. A yi haɗin man a kan tudu nesa da ruwa. Wannan ruwan shi ne mutanen ƙauyen ke sha, shi shanu ke sha, kuma shi ne ke gangarowa Kaduna.

Ka ɗauki ɗaya daga cikin samarin ya zauna a goshin jirgi a matsayin ɗan jagora. A duk abin da suke sayarwa, wannan ne ya fi daraja. Tafkin da aka yi ta hanyar tare kogi yana cinye daji ne da itatuwansa, kututturan suna nan a ƙarƙashi, kuma idan ruwa ya ja sai su zo daf da sama ba a ganinsu, musamman da ruwan ya yi ja bayan an yi sama. Ɗan jagora ya san su kamar yadda ya san lungunan ƙauyensu, ya san tsohon kwarin kogin inda zurfi yake, ya kuma san raga daga ɗan guntun soso ko robar lemo da ke yawo a sama. Raga tana da illa biyu. Ta farko, dukiyar wani ce, wanda ke jiran karfasa da tarwaɗar da zai kai kasuwa, kuma za ka biya. Ta biyu, zaren roba idan ya naɗe a bayan farfela yana yanka robar da ke tsare man giya, ruwa ya shiga, man ya koma fari kamar madara, giya ta ci kanta a hankali. Duk ranar da aka dawo daga ruwa a cire farfela a duba bayanta. A tafi da farfela ta biyu, da filogi biyu, da sifanan filogi, da filaya, da wuƙa mai kaifi.

Mai jirgin roba na hurawa ya kula da mamari, wato doguwar igiya mai ɗaruruwan ƙugiyoyi da masunta ke shimfiɗawa, da kuma ƙaya a bakin gaɓa. A ɗauke shi a kai har cikin ruwa, kada a ja. Iskar cikinsa tana raguwa idan ya taɓa ruwan sanyi, tana kuma ƙaruwa idan aka bar shi a rana a tudu har ɗinki ya buɗe, don haka a ƙara iska bayan an sauke, a rage idan an fitar.

Kwale-kwalen da samarin ke ba da haya na katako ne, kuma ingancinsu ya bambanta ƙwarai. Kada ka karɓi wanda ka tarar a kife a tudu ya bushe, don katako idan ya bushe yana tsukewa, haɗin ya buɗe, sai ya kwana biyu ko uku a ruwa kafin ya kumbura ya rufe. Ka zaɓi wanda ke kan ruwa tun jiya, ka sa a kwashe ruwan cikinsa tas, ka jira minti goma ka gani. Ɗan gumi a haɗin katako ba komai ba ne. Za ka ga dattijon ya tsuguna da tsumma da guntun ƙarfe yana cusa shi a tsaga, ya shafe da narkakkiyar kwalta, ya danna da babban yatsa. Gyara ne na gaskiya kuma yana riƙewa. Wanda ake gudu shi ne inda aka buga gwangwani a kan ruɓaɓɓen katako, ka danna da yatsa ka ji yana lotsawa. Bayan kowa ya zauna, a auna daga ruwa zuwa bakin jirgi: idan bai kai ɗani guda cikakke ba, kamar santimita 20, mutum ɗaya ya sauka. Matuƙi zai ce yana ɗaukar fiye da haka kullum, kuma gaskiya ya faɗa, amma masu iyo yake ɗauka.

Nan ne babban aibin wurin. Rigar kariya daga nutsewa ba ta wadata ba, waɗanda ake samu kuma galibi sosonsu ya mutu, maɗaurinsu ya karye. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lakwaja, ta wajabta sa rigar ga duk wanda ya hau jirgi, ta kuma hana tafiyar dare, amma a mashigi irin wannan kai ne mai tilasta wa kanka. Ka zo da riga daidai adadin mutanenka, da ƙanana na yara, a ɗaure su tun a tudu. Ka ƙara ɗaya ta ɗan jagora. Jarka da aka ɗaura wa igiya ba ta maye gurbin riga. Haka kuma a tafi da abin kwasar ruwa ɗaure da igiya, da filafili biyu ko da akwai inji, da dutse ko anka mai igiyar da ta ninka zurfin wurin sau biyar.

Lokacin da ya fi daɗin sauka shi ne daga Oktoba zuwa Disamba: dam ya cika, ruwa ya zo kusa da ƙasa mai ƙarfi, burji ya bushe. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana tasowa da hantsi ta tayar da igiyar ruwa, hazo kuma ya ɓoye gaɓa, saboda haka a fita da sassafe a dawo kafin azahar. Afrilu da Mayu su ne mafi haɗari, ruwa ya yi ƙasa, kututture ya fito, ga hadarin farkon damina da ke tasowa daga gabas da iska mai ƙarfi tun kafin ɗigon farko. Idan masunta suka fara juyo da kwale-kwalensu gida da rana tsaka, kada ka tsaya tambaya, ka bi su. A Agusta da Satumba kuwa burjin ne zai hana ka isa da tirela.

Duk wanda ya shiga ruwan da ƙafa ya tuna da tsargiya, wadda ƙananan katantanwa na ruwan kwance ke yaɗawa, tsutsarta tana shiga ta fata. A sa dogon takalmin roba, a bar shiga ruwa ga lokacin da ya zama dole, a goge jiki da tawul da zarar an fito. Wanda ya ga jini a fitsarinsa bayan wasu makonni ya je asibiti ya faɗi inda ya shiga, akwai maganinta.

Batun tsaron hanya ba a wasa da shi a wannan yanki. A kira wani na wurin tun daren jiya a ji halin da ake ciki, a sake kira da safe, a tafi da rana, a bar wa na gida labarin inda aka nufa da lokacin dawowa, don sabis ɗin waya yana ɗaukewa a kan ruwa.

Fitar da jirgi ta fi saukar da shi wuya, kuma a nan ne ake gane ko an yi ciniki mai kyau da safe. Jirgi ya sha ruwa ya yi nauyi, gangaren da aka sauko yanzu hawa ne, sawun safe ya zama santsi, samarin kuma wasu sun tafi duba raga. A gaya wa dattijon lokacin dawowa tun da safe don ya tsare maka mutane, kuma kada dawowar ta wuce la'asar sakaliya, balle ta kai dab da magariba. A ɗage inji tun ruwa yana ƙugu, a sauke kaya da tanki, a ja jirgin kan itatuwa har gindinsa ya bar ruwa, sannan a zare toshiya ruwan ciki ya tsiyaye kafin a ɗaga. Mai tirela ya canja layi kaɗan daga sawun safe idan ɗan gwangwala ya yarda da ƙasar, ya ja da giya ta ɗaya ba tare da taka wuta da ƙarfi ba, don tayar da ta fara juyawa a wuri ɗaya rami take haƙa wa kanta. A cire ciyawa da kainuwar da suka maƙale a tirela da farfela a bar su nan, a ɗaure jirgi gaba da baya, a mayar da iskar taya, a kuma tsaya a Mararraban Jos a taɓa cibiyar tayoyin tirela da bayan hannu a ji ko ta yi zafi.